Bindigar Oda Kamar Ɗinkin Babbar Riga Ce

Duk wanda ya taɓa kai wa tela shadda don a ɗinka masa babbar riga ya san cewa daga kuɗin yadi lissafi yake somawa. Ka shiga Kantin Kwari ka yanki Getzner, ka fito kana ganin ka gama da mai wuyar. Sai tela ya faɗi nasa, mai aikin hannu a Zariya ya faɗi nasa, ga bugu, ga hular da za ta dace, ga takalmi. Kafin riga ta hau jiki aljihu ya ji a jikinsa. Irin wannan lissafin ne yake jiran maharbin Ingila ko Amurka da ya ƙi ɗaukar bindiga daga kanti, ya ce sai dai maƙeri mai lasisi ya haɗa masa tasa daidai da jikinsa da buƙatarsa.

Sana'a ce mai tsohon tarihi a can. Kamfanin John Rigby ya soma a Dublin a 1775, James Purdey ya buɗe nasa a Landan a 1814, Holland & Holland kuma a 1835, kuma har gobe ana ba su oda. Tela na ƙwarai ba ya sa almakashi sai ya ji ko rigar ta Sallah ce, ta ɗaurin aure, ko ta zaman kasuwa. Su ma waɗannan maƙeran da tambaya suke farawa: me za ka harba, a wane irin daji, daga wane nisa? Mai bin barewa a tsaunukan Scotland wuni zai yi yana hawa da gangara, don haka marar nauyi yake so. Mai nufin ɓauna a Tanzaniya yana buƙatar babban harsashi irin .375 H&H, wanda Holland & Holland suka fitar a 1912, kuma ƙasashen Afirka da dama ba sa yarda a tunkari manyan namun daji masu haɗari da abin da bai kai girmansa ba. Mai gasar harbi daga yadi dubu kuwa bututu mai kauri da nauyi yake nema, don a kwance zai yi harbinsa. Amsar wannan tambayar ce take yanke girman harsashi, harsashi kuma shi yake yanke tsawon uwar bindiga da ramin bututu. Wanda ya sauya ra'ayi bayan an soma aiki zai biya sau biyu, don yadin da aka yanka ba ya komawa dami.

Abubuwa huɗu ne jikin bindigar: uwa, wato ƙarfen da yake karɓar harsashi ya kulle shi, sai bututu, sai kunama, sai ƙota. A Landan har yanzu ana girmama uwar Mauser ta 1898. A Amurka kuwa tsarin Remington 700, wadda ta fito a 1962, shi ya mamaye kasuwa, ƙanana da manyan kamfanoni suna ƙera kunama da ƙota da suke zama a kansa, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya fi samun sauƙi idan ya bi ta nan. A ganina kuɗi ya fi cancantar zama a kan bututu da hannun maƙerin da zai ɗaura shi. Bututun Krieger ko Bartlein, waɗanda ake yi a jihar Wisconsin, idan ya faɗa hannun maƙeri mai gaggawa, daidai yake da shadda mai tsada a hannun yaron shago: kaya na kirki, ɗinki a karkace.

Sai awo, kuma nan ne dalilin yin odar tun farko. Manyan gidajen Landan suna da bindigar gwaji wadda ake ƙara wa ƙotarta tsawo, a rage, a karkata ta, har sai mutum ya ɗaga ta idonsa ya faɗa kan saiti ba tare da ya lanƙwasa wuya ba. Dogo da gajere, bahago da mai hannun dama, kowa da nasa. Wannan awon ba ya cin kuɗi mai yawa idan aka gwada shi da sauran aikin, amma shi ne yake raba rigar da aka ɗinka maka da wadda ka ara.

Inda mutane suka fi zurmawa shi ne ado. Aska takwas na hannu yana iya cin kuɗin da ya zarce na yadi, ya kuma riƙe riga watanni a wajen mai aiki. Haka zanen da ake sassaƙawa a jikin ƙarfen bindiga, da katakon walnat na Turkiyya mai kyawun jijiya da ake yin ƙota da shi. Bindiga mai baki biyu ta manyan gidajen Landan tana haura fam dubu ɗari, kuma kaso mai tsoka na kuɗin na sa'o'in aikin hannu ne. Ba na raina wannan fasaha, ina ma jin daɗin cewa akwai masu riƙe da ita har yau. Amma zane ba ya kai harsashi inda aka nufa. Jim Corbett, maharbin da ya kashe damisar Champawat a Indiya a 1907 bayan ta halaka mutum fiye da ɗari huɗu, an yi masa kyautar bindigar Rigby mai harsashi .275, ya kuma yi shekaru yana yawo da ita a dazukan Kumaon. Abin da ya sa ake tuna wannan bindiga shi ne aikin da ta yi.

Akwai kuma abubuwan da ba sa cikin takardar maƙeri, su ne hula da takalmin wannan lamari. Madubin saiti na kirki, irin na Zeiss ko Swarovski ko Leupold, yana iya kusantar kuɗin bindigar kanta, ga ƙarfunan da za su riƙe shi. Mutum ya ƙarar da kuɗinsa a kan katako ya ɗora madubi mai arha, da magariba ta yi ba zai bambance dabba da kututture ba. Harsashi ma ba a saye sau ɗaya a huta. Wanda ya zaɓi .308 Winchester, da ke kasuwa tun 1952, zai same shi kusan a kowane kantin kayan farauta, wanda ya zaɓi baƙon harsashi kuwa zai riƙa nema yana biyan tsada, har ya daina atisaye saboda tsoron kashe kuɗi. Bututu ma yana tsufa. Harsasai masu tsananin gudu suna cinye cikinsa bayan harbi dubu biyu zuwa uku, sai an sake sabo, don haka mai gasa yana sa kuɗin bututu na biyu a lissafinsa tun ranar farko.

Hukuma ma tana da nata. A Birtaniya dokar makamai ta 1968 ta wajabta takardar izini daga 'yan sanda, sai mutum ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili, ya kuma tanadi wurin ajiya mai kulle, galibi akwatin ƙarfe da aka ɗaure da bango, sannan a sabunta takardar duk shekara biyar. Bindigar ba ta zuwa hannun mai ita sai ta bi ta gidan gwaji na Landan ko na Birmingham, inda ake harba ta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi a buga mata hatimi. A Amurka uwar bindiga ce doka take kallo a matsayin makami, ita ke ɗauke da lamba, kuma idan daga wata jiha aka aiko ta sai ta bi ta hannun dila mai lasisi, shi ma da ladansa. A Najeriya kuwa mallaka ko ƙera bindiga ba da lasisi ba laifi ne a ƙarƙashin dokar 1959, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka duk ƙasa ɗaya ce.

Sai jira. Wanda ya kai ɗinki ana saura mako biyu Sallah ya san abin da zai tarar. Odar Landan tana ɗaukar shekara ɗaya zuwa biyu, ƙananan maƙeran Amurka ma watanni suke ɗauka, don su ma jiran bututu da ƙota suke daga wasu. Kafin alƙalami yana hannunsu duk tsawon lokacin, farashin kaya kuma yana motsi. Ya kamata a rubuta komai a takarda: abin da aka yi oda, abin da aka biya, da wanda zai ɗauki ƙarin kuɗi idan ya taso. Kuma kada a yi lissafin cewa in ta ƙi a sayar a mayar da kuɗi, don abin da aka yi a kan awon mutum ɗaya ba kasafai wani yake biyan cikakken kuɗinsa ba.

Mai niyyar wannan oda ya fara ware kuɗin madubi da harsashin atisaye da na takardu, sannan bututu da ladan maƙeri da awo, ya ajiye wani abu a gefe don ƙarin da ba a zata ba. Abin da ya rage shi ne na ado. Idan bai rage ba, a karɓi bindigar ba zane, za ta yi harbi daidai.