Wa Ke Riƙe Da Makullin Ƙofar Intanet?

Yau za mu duba wata muhawara ce da aka fi jin ta a bakin manyan ƙasashe, amma ta shigo mana har uwar ɗaki ta wannan 'yar wayar da ke hannunki. Tambayar ita ce: kamfanin da ya sayar miki da data, yana da ikon zaɓar miki inda za ki shiga da inda ba za ki shiga ba?

Mu fara da abin da muka sani. Mace mai kulle ba ta taka kasuwar Tudun Wada da ƙafarta, amma tun kaka da kakanni kayanta suna zuwa. Ƙosai ne, dambu ne, hula ce ko aikin babbar riga, yara ke kaiwa ko dillaliya. Da wayar salula ta shigo a 2001, intanet kuma ya biyo baya, sai aka samu sabon ɗan aike. Yanzu sai ki ɗauki hoton atamfa ko turaren wuta ki ɗora a WhatsApp, mai saye tana Samaru ko Kaduna ta gani ta turo kuɗi.

To, a ce ɗan aiken nan ya ce miki: “Gidan Hajiya da gudu zan je, don tana ba ni tukwici. Gidan wance sai na ga dama. Layin can kuwa ba na shiga sam.” Za ki yarda? Wannan shi ne batun. Kamfanin sadarwa yana iya toshe wani shafi, yana iya rage masa gudu har ki gaji ki fita, yana kuma iya fifita wanda ya biya shi. Masu rajin daidaito a intanet sun ce duk ukun bai kamata ba: tunda kin biya kuɗinki, a kai ki inda kika ce, matuƙar bai saɓa wa doka ba. Wani malamin shari'a a Amurka, Tim Wu, shi ya raɗa wa wannan ƙa'ida suna a 2003.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen kyauta. A 2016 kamfanin Facebook ya haɗa kai da Airtel suka kawo wani tsari Nijeriya mai suna Free Basics. A lokacin, ko ba ki da data, kina iya buɗe wasu shafuka na lafiya, labarai da neman aiki, amma ba bidiyo, kuma waɗanda aka sa a cikin tsarin ne kaɗai. Masu goyon baya suka ce da babu gara ba daɗi. Wadda ba ta taɓa leƙa intanet ba ta samu ƙofa. Masu adawa suka ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ba ki kyautar shi ke zaɓar abin da idonki zai gani, ƙaramin ɗan kasuwa kuma da bai shiga jerin ba an bar shi a rana. A wannan shekarar ce hukumar sadarwa ta Indiya ta hana bambanta farashin data gwargwadon shafin da mutum ya buɗe, tsarin ya tsaya a can.

Ko Amurka ba a gama jayayyar ba. Sun kafa dokar daidaito a 2015, suka soke ta a 2017, suka maido ta a 2024, sai kotu ta rushe ta a farkon 2025. A nan gida, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta fitar da ƙa'idojin intanet a 2019, inda ta hana kamfanoni toshewa ko danne abin da doka ta halatta, sai dai ba ta haramta irin waccan kyauta kwata-kwata ba.

Uwargida, kada ki ce wannan zancen 'yan boko ne. Dubi datar nan mai araha da ake cewa ta WhatsApp da Facebook ce kawai. Da yawanmu ita muke saye, musamman tun da aka amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Ba laifi ba ne, kowa da gwargwadon aljihunsa. Amma ki lura da abin da ke faruwa. An turo miki saƙo a zauren 'yan'uwa cewa kaza na maganin hawan jini ga mai ciki, ko gwamnati na rabon jari, a turo lambar asusu. Kina son bincikawa, kin latsa shafin hukumar lafiya ko na jarida, ya ƙi buɗewa, domin datarki ba ta kai can ba. Kin ga jita-jita ta shigo da araha, hanyar tantance ta kuma sai an ƙara kuɗi. Haka 'yarki da ke neman shiga Jami'ar Ahmadu Bello, shafin JAMB ba zai buɗe mata da irin wannan data ba.

Ba kamfani kaɗai ke riƙe da makulli ba, har da hukuma. A watan Yunin 2021 Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter, wanda yanzu ake kira X, sai a Janairun 2022 aka buɗe, kuma daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A 2021 ɗin ne kuma aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan jiharmu ta Kaduna saboda 'yan bindiga. Hukuma ta ce tsaro ne, kuma rai ya fi komai. Amma namiji yana iya hawa mota ya je inda akwai sabis, ita kuwa mai kulle an rufe mata kasuwa da zumunci lokaci guda.

Wata za ta ce, to intanet a sake haka, tarbiyyar yara fa? Gaskiya ne, akwai shara a ciki. Sai dai kula da abin da yaro ke kallo aikinki ne ke da maigida, da dokar ƙasa. Kamfani kuwa idan ya zaɓa, ribarsa ya duba, ba tarbiyyar ɗanki ba.

Saboda haka ga shawara. Kafin ki aiki yaro ko ki roƙi maigida ya sa miki data, tambayi wace iri ce, ta ko'ina ce ko ta shafuka biyu-uku. In da hali, ki riƙa ajiye 'yar kaɗan ta ko'ina don bincike. Duk maganar lafiya ko kuɗi da ba ki iya tantancewa ba, kada ki tura wa wata, ki tambayi ma'aikaciyar asibiti ranar awo. Idan kuma an sayar miki da data ba a yi miki bayanin iyakarta ba, ki fara kai kuka ga kamfanin. In ba a share miki hawaye ba, ki kira NCC a lamba 622, kyauta ne. Kuɗinki ne, haƙƙinki ne.

A nan za mu dakata. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.