Yadda talabijin ke haɗa ɗan kallo da 'yan kallo faɗa

Duk wanda ya saba zama gidan kallon ƙwallo a Mashi ya san aikin maimaici. Abin da ya wuce cikin daƙiƙa ɗaya sai a dawo da shi sau biyar, a hankali, har ran magoya baya ya gama ɓaci. To, ya ake ciki idan wanda ake ta nunawa ɗan kallo ne?

Hakan ta faru a Chicago ta Amurka ranar 14 ga Oktoba, 2003, a wasan besbol, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki. Ƙungiyar Cubs ta garin na gaban ƙungiyar Florida Marlins da ci 3 da nema. Ƙwallo ta nufi kujerun 'yan kallo, wani matashi ya miƙa hannu, ɗan wasan Cubs Moises Alou ya kasa cafewa. Daga nan Marlins ta ci 8 a jere.

Filin Wrigley, inda aka buga wasan, ba shi da allon bidiyo a lokacin, don haka yawancin mutanen ciki ba su san ko wane ne matashin ba. Tashar Fox ce ta yi ta maimaita fuskarsa, na gida suka bugo wa na fili waya. Aka hau zaginsa da jifa, har sai da masu gadi suka fitar da shi.

Abin haushin, wasu ma sun miƙa hannu, kuma ɗan wasan Cubs Alex Gonzalez ya yi kuskure mafi muni bayan nan. Amma fuska ɗaya ta fi daɗin nunawa.

A 2017 ƙungiyar Cubs ta ba matashin zoben tunawa da kofin da ta ci a 2016.