Ko Kun Sani? Tabarau Mai Ruwan Ɗorawa da Tuƙin Dare

Tabarau mai ruwan ɗorawa da ake tallata wa direbobi a matsayin na tuƙin dare ba ya ƙara gani cikin duhu. Kowane gilashi mai launi yana tare wani ɓangare na hasken da zai shiga ido, alhali da daddare hasken ne ya yi ƙaranci. A shekarar 2019 masana a cibiyar binciken ido ta Schepens da ke birnin Boston na Amurka sun gwada shi a na'urar kwaikwayon tuƙi, suka tarar masu sanye da shi ba su fi saurin hango mai tafiya a ƙasa ba. Direba dai yakan ji kamar hanya ta washe, wannan kuwa na iya sa shi ƙara wuta.

Wanda fitilar mota ke kashe wa ido fiye da da, ya je a duba shi, domin yanar ido takan fara da haka. Dundumi kuma sau da yawa ƙarancin bitamin A ne, wanda ake samu a hanta, manja da ganyen zogale.