Guguwar 2015 da Abin da Ta Bari a Siyasar Arewa

A zaɓen shugaban ƙasa na 2011, Muhammadu Buhari ya ci jihohi 12 na Arewa, amma ya sha kaye a ƙasa baki ɗaya. Da aka zo zaɓen gwamnoni, jam'iyyarsa ta CPC ba ta samu ko'ina ba sai Nasarawa, inda Tanko Al-Makura ya ci. Farin jini yana nan, amma bai haifar da kujeru ba.

Shekara huɗu bayan haka labari ya sha bamban. Ranar 28 ga Maris, 2015, Buhari, a wannan karon ƙarƙashin APC, ya samu ƙuri'a sama da miliyan 15.4, Goodluck Jonathan na PDP ya samu kusan miliyan 12.9. A Kano kaɗai Buhari ya kwashe sama da miliyan 1.9. Sai aka yi zaɓen gwamnoni ranar 11 ga Afrilu, mako biyu kacal bayan nan, kowa ya riga ya san wanda zai shiga fadar Aso Rock. A cikin waɗannan makonni biyu ne aka sake zana taswirar Arewa. Dillalan ƙuri'a na mazaɓa, 'yan kwangila, kansiloli da masu neman muƙami, duk suka yi lissafin inda gwamnatin tarayya za ta karkata, suka ajiye lemar PDP suka ɗauki tsintsiyar APC. Talaka kuma aka ce masa "sak", wato ya dangwala wa APC daga sama har ƙasa, ko ya san ɗan takara ko bai san shi ba. PDP ta rasa Kaduna, Katsina, Jigawa, Kebbi, Bauchi, Neja, Filato da Binuwai. A zaɓen nan Gombe da Taraba kawai ta riƙe a Arewa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo baya. Adawa ba ta mutu ba, ta dai koma cikin gida. APC dama haɗaka ce ta ACN, CPC, ANPP da wani ɓangare na APGA, ga gwamnoni biyar da suka baro PDP a Nuwamban 2013. Kowa da ubangidansa, kowa da alƙawarin da yake ganin an yi masa. Tun a Yunin 2015 Bukola Saraki ya zama shugaban majalisar dattawa ba da son uwar jam'iyya ba. A Kano, Kwankwaso da Ganduje suka raba gari, har jar hula ta zama alamar ɓangaren Kwankwaso. A 2018 Kwankwaso da Aminu Tambuwal suka koma PDP.

Zamfara ce ta ga ƙarshen abin. Rikicin fid da gwani ya hana APC yin sahihin zaɓen cikin gida, a Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'unta, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. Mutane sun yi layi cikin rana sun kaɗa ƙuri'a, rigimar manya ta mai da ita banza. A wannan shekarar Bauchi da Adamawa ma suka koma PDP, yayin da Buhari ya sake cin Bauchi da tazara mai yawa. Masu zaɓe sun fara raba shugaban ƙasa da gwamna, "sak" ta daina aiki yadda ta yi a 2015. A 2023 kuwa Kano ta tafi NNPP, jam'iyyar da Kwankwaso ya shiga shekara guda kafin zaɓe.