Raha a Tsakiyar Wasannin Kimiyya na Telebijin: Darasi ga Marubucin Hausa

Gabatarwa



Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wata al'ada da ake samu a cikin dogayen wasannin telebijin na ƙagaggen labarin kimiyya, wato irin labarin da ake ginawa bisa tafiya sararin samaniya, ko na'urorin da ba a ƙera ba tukuna, ko halittun wasu duniyoyi. Al'adar kuwa ita ce, ana tsakiyar labari mai nauyi sai a kawo kashi guda na ban dariya wanda bai ƙara wa babban labarin tafiya ba. Masu kallo a ƙasashen Turai kan kira irin wannan kashi cike-gurbi, kuma sau da yawa da raini suke faɗin haka. Za mu duba dalilan da ke haifar da shi, da aikin da yake yi, sa'an nan mu auna shi da adabinmu, tare da sa ido a kan masu kallo na ƙasar noma irin ta Funtuwa da Malumfashi.

Dalilan Samuwarsa

Dalili na farko shi ne yawan aiki. Wasan Star Trek na Amurka, wanda aka nuna daga 1966 zuwa 1969, yana da kashi 79 cikin zango uku, wanda ya gaje shi kuwa daga 1987 zuwa 1994 ya kai kashi 178 cikin zango bakwai. Marubucin da aka ɗora wa kashi ashirin da wani abu a shekara ba zai iya sa duniya a bakin halaka kowane mako ba, domin tun ba a je ko'ina ba mai kallo zai daina jin tsoro.

Dalili na biyu kuɗi ne. Kashin da ake yaƙin jiragen samaniya yana cin kuɗi ainun, saboda haka sai a biyo shi da wani mai araha, wanda za a yi a ɗakunan da aka riga aka gina, da 'yan wasan da aka riga aka ɗauka. Raha ba ta bukatar na'ura, harshe da basira kawai take nema.

Dalili na uku kuwa shi ne ranar da za a nuna wasan. Misalin da ya fi shahara yana cikin wasan Doctor Who na gidan BBC a Ingila, wanda aka fara a 1963. A ƙarshen 1965 suna cikin wani labari mai kashi 12 na yaƙi da miyagun halittu da ake kira Dalek, sai kashi na bakwai ya faɗo ranar Kirsimeti. Masu shirin suka ga cewa mutane da yawa za su shagala da biki, don haka suka ajiye yaƙin gefe guda, suka kai taurarinsu ofishin 'yan sanda da wurin ɗaukar sinima suna ta shirme, har a ƙarshe babban ɗan wasan, William Hartnell, ya juyo ya yi wa mutanen gida barka da biki. Kada a ɗauka wannan wasa baƙo ne a ƙasarmu, gama a 2013 a wata tashar telebijin a Jos aka gano kashi tara nasa waɗanda suka ɓace wa BBC kanta.

Misali Daga Rumbu

Kashin da ya fi dacewa da mu shi ne na Star Trek mai suna The Trouble with Tribbles, wanda David Gerrold ya rubuta, aka nuna a Disamba 1967. An kira jirgin Kyaftin Kirk ya yi gadin wani ingantaccen irin hatsi da aka adana a wata tashar samaniya, abin da ya ɗauka ƙasƙanci ne ga babban jirgi irin nasa. Ana nan sai wani ɗan koli ya kawo wasu 'yan halittu masu laushin gashi, ba su cizo, aikinsu ci da haihuwa. Kafin a farga sun cika jirgin, sun kuma shiga rumbun. Da Kyaftin ya buɗe ƙofar rumbu sai suka zubo masa a ka, ya nutse cikinsu har ƙirji. Daga nan aka lura da yawansu sun mutu, ashe wani ɗan leƙen asirin abokan gaba ya sa wa hatsin guba, kuma waɗannan halittu ne suka tona shi, don ba sa jituwa da jinsinsa.

Na taɓa nuna wa ɗalibaina wannan kashi, yawancinsu 'ya'yan manoma daga wajen Bakori da Ƙafur da Ɗanja. Maganar jirgi da taurari ba ta motsa su ba, amma da aka zo rumbu sai aji ya kaure da dariya, wani ya ce ai wannan ɓera ne aka sa wa riga. Wanda ya taɓa buɗe buhun masara bayan wata uku ya tarar da gari, ko ya ga jan-baki sun sauka a gonar dawa, ba ya bukatar a fassara masa wannan labari. Haka nan maganar ingantaccen iri ba sabuwa ba ce a yankin da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa tun 1975 da taimakon Bankin Duniya.

Abin lura kuma shi ne, a cikin dariyar akwai lissafi. An ce kowace halitta tana haifar goma a cikin awa 12, saboda haka kowane zagaye yawansu yakan ninka sau 11. Kwana uku zagaye shida ke nan, jimla 1,771,561 daga guda ɗaya tak. Ɗalibin da ya ga haka ya fahimci yadda ƙwaro ke cinye rumbu fiye da yadda allo zai koya masa.

Aikin da Raha Take Yi

Daga wannan misali za mu iya fitar da aiki uku. Na ɗaya, tana hutar da mai kallo, kamar yadda masu gayya kan zauna a inuwa a sha fura a yi ba'a kafin a koma kunya. Na biyu, tana bayyana halin taurari, domin jarumi a fagen fama duk ɗaya ne, amma sai ya ji kunya a gaban na ƙasa da shi ake sanin ko wane ne shi. Na uku, tana shigar da ilmi ta ƙofar da ba a tsare ba.

To, amma ba kowane cike-gurbi ne ke yin wannan aiki ba. A 1989 masu sabon Star Trek, da kuɗi ya ƙare musu, sun rufe zango na biyu da wani kashi wanda yawancinsa guntayen tsofaffin hotuna ne aka harhaɗa, kuma har yau ana lissafa shi cikin mafi rauni a wasan. Ma'aunin da nake ba da shawara shi ne a tambaya: in an gama kashin, mun ƙara sanin mutanen labarin ko duniyarsu? Idan amsar i ce, to ya biya kuɗinsa ko da babban labari bai motsa ba.

Abin da Muke da Shi a Gida

Wannan dabara ba Turawa ne suka koya mana ita ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, jigonsa neman ruwan magani ne, amma mafi yawan abin da masu karatu ke tunawa shi ne ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, wadda ba ta kusantar da kowa ga ruwan ba. A littafi na farko na Magana Jari Ce kuwa, aku yana jero labarai ne don ya cinye dare, ya hana Musa ɗan Sarki fita, wato jinkirin kansa shi ne ya ceci rai. A fada akwai wawan sarki, a kasuwa akwai 'yan kama, a watan azumi akwai tashe.

A ɓangaren telebijin ma, tun da aka buɗe tashar Kaduna a 1962, raha ce ta raini wasan kwaikwayon Hausa, ta hannun irin su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero. Inda muke da gibi shi ne ɓangaren kimiyya. Umaru Dembo ya buɗe hanya a 1969 da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya, amma kaɗan ne suka bi sawunsa. Ke nan matsalarmu kishiyar ta Turawa ce: su suna neman gurbin raha a cikin kimiyya, mu kuwa raha muke da ita a yalwace, kimiyyar ce ke neman gurbi.

Haɗarin da ke nan shi ne wanda muka sha gani a finafinanmu, inda akan ɗauko ɗan wasan barkwanci a manna shi a tsakiyar labari, ya yi abin da ya saba ya tafi, ba shi da dangantaka da kowa. Wannan faci ne a kan riga. Dariyar da ke da amfani ita ce wadda ta tsiro daga cikin al'amarin kimiyyar kansa, kamar yadda ta tsiro daga rumbun can.

Kammalawa

A yau wasannin da ake nunawa ta intanet sun gajarce, da yawansu kashi takwas ko goma ne a zango, har masu kallon da dā suke ƙorafin cike-gurbi sun koma kewarsa. Saboda haka ina ba da shawara biyu. Ta farko, malaman adabi a kwalejojin ilmi su riƙa koyar da raha a matsayin wani ɓangare na zubi da tsarin labari, su sa ɗalibai su auna ta da ma'aunin da aka ambata. Ta biyu, duk mai niyyar shirya wasan kimiyya da Hausa ya fara daga abin da manomi ya sani, iri da taki da ƙwaro da ruwan sama, ya bar shi ya yi dariya tukuna, domin da abokin daka akan sha gari.