AMFANIN FITA DAGA OFIS DON GANAWA: DARASI DAGA BAKIN IYAKAR JIBIYA

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Maraɗi, bayan tafiyar kimanin kilomita 45 zai iso ƙasar Jibiya, inda tashar kan iyaka ta Magama take fuskantar takwararta ta Ɗan Isa a Jumhuriyar Nijar. A wannan ɗan wuri ne ma'aikatan hukumomi masu yawa suke wuni suna kwana: ga jami'an kwastan, ga na shige da fice, ga 'yan sanda, ga masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ga malaman lafiya, ga kuma masu duba dabbobi da tsirrai. Kowa da kakinsa, kowa da littafinsa, kowa kuma da shugaban da yake aika wa rahoto a Katsina ko Abuja.

Mota guda ce take bi ta gabansu duka, direba guda ne yake amsa tambayoyinsu duka. To, amma abin tambaya shi ne, sau nawa waɗannan ma'aikata suke ajiye hatimi da alƙalami, su keɓe a wani wuri dabam, su tattauna yadda aikin wannan yake shafar na wancan? Ganin juna kullum daban, sanin juna kuma daban.

ABIN DA AKE NUFI

Manyan kamfanoni sun daɗe da al'adar ɗebe ma'aikatansu daga ofis na kwana biyu ko uku, su kai su wani wuri da babu masu jiran sa hannu a bakin ƙofa, domin su duba abin da suka yi a baya, su tsara na gaba, su ci abinci a faranti ɗaya. Gwamnati ma ba a bar ta a baya ba. Kwalejin horar da manyan ma'aikata ta Topo, kusa da Badagiri, wadda aka kafa a 1973, da Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Kuru, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1979, dukansu nesa da hayaniyar ma'aikatu aka ajiye su, domin tunani yana son natsuwa.

Ko a harkar duniya an ga haka. A watan Satumba na 1978 Shugaba Jimmy Carter na Amurka ya keɓe Shugaba Anwar Sadat na Masar da Firayim Minista Menachem Begin na Isra'ila a Camp David har kwana 13, kafin suka cim ma yarjejeniyar da aka yi shekaru ana nema.

TARON BAGAUDA

Iyakar Nijeriya da Nijar ita ma tana da nata tarihin irin wannan zama. Tun a 1971, zamanin Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani, aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta ƙasashen biyu, mai hedkwata a Yamai. A watan Yuli na 1989 kuma Hukumar Kula da Iyakoki ta Nijeriya ta shirya taron ƙara wa juna sani na mako guda a masaukin baƙi na Bagauda, a Jihar Kano, inda jami'ai da masana daga ƙasashen biyu suka zauna a kan al'amuran iyaka. Daga baya Farfesa A. I. Asiwaju da Farfesa Bawuro Barkindo suka tattara takardun taron suka zama littafi, wanda ɗalibai ke amfana da shi har yau.

A shekarar da ta biyo baya, wato 1990, ƙasashen biyu suka rattaba hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su. Cikin kogunan har da na Gada, wanda madatsar ruwan Jibiya take kansa, wanda kuma in ya tsallaka iyaka ake kiransa Gulbin Maraɗi. Manomin rani a Jibiya da ɗan'uwansa na Madarunfa daga kogi ɗaya suke sha, don haka tilas masu kula da ruwan su san juna.

AMFANI HUƊU

Amfani na farko shi ne amana. A ce da tsakar dare mota ta iso ɗauke da maras lafiya za a kai shi asibiti Katsina, takardunsa kuwa ba su cika ba. Jami'in da ke bakin aiki yana bukatar jin ta bakin takwaransa na wata hukuma, ko na tsallaken iyaka. In sun taɓa zama sun ci abinci tare, magana biyu a waya ta isa. In kuwa ba su san juna ba, kowa sai ya noƙe yana gudun ɗaukar laifi, maras lafiya yana kwance. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, aikin gwamnati ma haka ne.

Na biyu, ƙaramin ma'aikaci yana samun bakin magana. A cikin aikin kaki, na ƙasa ba ya buɗe baki gaban na sama sai an tambaye shi, alhali shi ne ke tsaye cikin rana, shi ya san takardar da direbobi ke yawan kuskuren cikawa, shi ya san lokacin da motoci ke cunkushewa. In aka bar ofis, aka zauna a tabarma ɗaya, nauyin baki yakan ragu, shugaba ya ji abin da rahoton wata-wata ba ya kawo masa.

Na uku, ana ganin aikin gaba ɗayansa. Direbobi da 'yan kasuwa sun daɗe suna kuka da yawan shingaye a hanyar Katsina zuwa Jibiya. Kowace hukuma tana da hujjar kafa nata shingen, musamman ganin matsalar 'yan bindiga da ta addabi yankin. Amma sai an tara hukumomin a ɗaki ɗaya, an bi takardun mota guda tun daga tasowarta har fitarta, kafin a gane inda mutum uku suke yin tambaya ɗaya, da kuma inda babu mai tambaya ko ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mai fasa-ƙwauri kuwa wannan tsagar yake nema.

Na huɗu shi ne adana sani. An rufe iyakar nan daga 1984 zuwa 1986. An sake rufe ta a watan Agusta na 2019, ba a buɗe tashar Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa, har zuwa watan Maris na 2024. Kowace buɗewa tana zuwa da sababbin ƙa'idoji, ga shi kuma ana yawan canza wa jami'ai wurin aiki. In babu zaman da tsofaffin hannu za su labarta wa sababbi abin da suka gani, kowane sabon zuwa sai ya sake faɗawa ramin da na gabansa ya faɗa.

HARSHE ƊAYA

Akwai wata gata da Jibiya take da ita wadda iyakoki da yawa ba su da ita. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata wannan layi tsakanin 1906 da 1908, suka bar wa ɓangare ɗaya Ingilishi, ɗaya Faransanci. Amma mutanen Katsinawa ne gaba da baya, domin zuriyar sarakunan Katsina na dauri ce ta kafa Maraɗi bayan jihadi, har yau kuma sarkinta yana amsa sunan Sarkin Katsina. A 2025 ma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ke nan jami'an ɓangarorin biyu za su iya zama ba tare da tafinta ba.

Bukatar zaman kuwa ƙaruwa take yi. Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025, saboda haka al'amura da yawa sun koma hannun ƙasashen biyu kai tsaye. Har ila yau, hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021, ta Jibiya aka tsara za ta bi, da irin nata kaya da fasinjoji.

A YI HATTARA

To, amma fa kada a ɗauka kowane taro ne ke da amfani. Ma'aikata sun san irin bitar da ake zuwa don karɓar alawus, manya su karanta jawabi su shiga mota, a rubuta rahoto a jefa cikin kabad. Irin wannan ɓarnar dukiyar jama'a ce kawai.

Taron kirki ba ya bukatar otal mai tsada a Abuja. Ɗakin taro a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina ya wadatar. Tun da aikin iyaka ba ya tsayawa, sai a riƙa tafiya rukuni-rukuni. Ya kamata a keɓe rabin yini ga wakilan direbobi da 'yan kasuwa da masu riƙe da sarautun gargajiya, su faɗi abin da ke damunsu. Kada a tashi sai an tsai da shawara uku ko huɗu, kowace da sunan wanda zai aiwatar da ita da ranar da zai gama, bayan wata uku kuma a sake haɗuwa a duba.

Wannan darasi bai tsaya ga Jibiya kaɗai ba. Babban sakatare a ma'aikata, da shugaban makaranta da malamansa, har da ɗaliban da ke shirin shiga aiki gobe, duk ya shafe su. Kakanninmu da suke kiran gayya sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sun kuma san kafin a ɗaga ta sai masu ɗauka sun daidaita a kan gefen da kowa zai kama.