Falke Da Kuɗin Albasa Da Aka Zare Sau Biyu

Ya ku 'yan'uwa fatake, ku saurara. Mutum zai taso daga Maiyama, ya sari albasa a Aliero, ya miƙa katinsa. Na'ura ta ce kuɗi ba su shiga ba, a sake. Kafin ya kai Jega sai ga saƙo biyu, an zare sau biyu. To, kada ya ci kwalar mai albasa, galibi kuɗin suna maƙale tsakanin bankuna. Ya adana rasit da saƙonnin, ya kai kuka bankinsa a rubuce, ya karɓi lambar ƙara. A 2020 Babban Bankin Nijeriya ya yanka wa bankuna sa'a 72 su mayar. In mako biyu suka shige shiru, ya ɗaukaka ƙara can.